Ranar da Muka Cinye Binciken Daktora

Ban taɓa mantawa da wata Talata ta ƙarshen kaka ba, kuma ba na zaton za a bar ni in manta da ita, domin har yau idan aka ajiye akushin tuwo a gidanmu sai an sami wanda zai dube ni ya ce, "Ustaz, wannan lamba nawa ce?" Ku da kuka fara aikin taimaka wa masu bincike a bana kun nemi in ba ku labarin da bakina. Zan bayar da shi daki-daki, amma ya wajaba ku fara sanin mutanen da abin ya shafa. Mu huɗu ne.

Ta farko ita ce Dakta Rifkatu, malamar kimiyyar tsirrai a wata jami'a ta Kiristoci da ke arewacin Nijeriya. A nan Gadarif, garinmu da ke gabas da Khartum, ba wanda yake kiranta da wannan suna. Daktora ake ce mata, daga kasuwa har gida. Ta biyu mahaifiyata ce, Hajja Hauwa, wadda nake kira Inna, Daktora kuma take kira Mama. Na uku ƙanen Inna ne, Kawu Adam, mai boksi, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, wanda aka ɗauka don ya riƙa kai mu ƙauyuka. Na huɗu ni ne, Babikir, autan Inna. A lokacin watana biyar da kammala karatun aikin gona, kuma wannan ne aikina na farko. Shekarar ita ce wadda ta gabaci yaƙin da ya ɓarke a Khartum.

An ɗauke ni a matsayin mataimakin bincike kuma tafinta. Za ku ce, me ake yi da tafinta tsakanin Bahaushiya da Hausawa? Amsar ita ce, Hausar Daktora rabinta Turanci ne, ta manomanmu kuma rabinta Larabci, saboda haka aka tsayar da ni a tsakiya ina mayar da maganar kowane ɓangare zuwa Hausa. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Duk abin da manomi ya faɗa, nakan rubuta shi kalma bayan kalma, ba na taƙaitawa. Wannan ya sa Kawu Adam ya laƙaba mini suna Ustaz Ƙamus tun a mako na farko, yana cewa ko atishawa mutum ya yi sai na tambaye shi yadda ake rubuta ta.

Abin da ya kawo Daktora shi ne tsoffin ire-iren dawa. Kakanninmu da suka tako ƙasa daga yamma da nufin hajji, suka yada zango a nan har zangon ya zama gida, sun zo da iri a ƙulle a gefen zane. Manyan gonakin injina ba sa shuka irin waɗannan. Sai a ɗan fili bayan gida ake samun tsoho ko tsohuwa da suka riƙe su. Daktora ta taɓa zuwa a kakar da ta gabata, ta rubuta maƙala a kansu, ta aika wa wata mujallar masana.

A nan sai na yi bayani ga wanda bai san tsarin jami'a ba. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma saboda daɗewa kawai. Sai ya wallafa bincike. Idan ya aika maƙala, editan mujalla yakan miƙa ta ga masana biyu da marubucin bai san su ba, su tantance, su ce a karɓa ko a gyara ko a ƙi. Daktora babbar malama ce a lokacin, kuma matakin da ke gabanta shi ne na mataimakiyar farfesa. Maƙala ɗaya ta rage mata. Kwamitin ƙarin girma sau ɗaya yake zama a shekara, kuma sau biyu yana zama ba ta cika sharaɗin ba. Ta taɓa gaya mini cewa a jami'arsu ana buga wata 'yar takarda kowane zango, mai ɗauke da nasarorin malamai, a karanta ta a majami'a lokacin sujadar safiyar Laraba, a kira sunan mutum ya miƙe a tafa masa.

"Shekara shida ina tafa wa mutane, Babikir," in ji ta. "Har tafukana sun yi kanta."

Masu tantancewa sun riga sun nuna cewa ba za su amince ba sai an ajiye samfurin kowane iri a ma'ajiyar iri ta jami'a, domin duk mai shakka ya je ya shuka ya gani. Wannan ne ya sake dawo da ita. Mako shida muka yi muna yawo a boksin Kawu, daga garin Doka zuwa ƙauyukan da ke kan hanyar Gallabat, har muka tara iri ashirin da huɗu. Ƙa'idar aikin uku ce. Kowane iri a zuba kimanin kwano guda a farar jakar yadi, a ɗaura mata ɗan kwali mai lamba. Ni in rubuta lambar a littafi tare da sunan manomi da abin da ya faɗa. Daktora kuma ta ɗauki hoton 'yan ƙwayoyi a kan farin faranti, da lambar a gefe. Akwai ƙa'ida ta huɗu, wadda ita ce tushen labarin nan: duk wanda za a bar wa samfuri ajiya, sai an yi masa bayanin abin da aka bar masa, ya sa hannu a takardar ajiya.

Ranar Lahadi muka tarar ɓeraye sun fara kai ziyara ɗakin da Daktora take kwana a masauki. Na ba da shawarar a kai jakunkunan gidanmu, domin ɗakin Inna ba ɓeran da ya taɓa fita daga cikinsa da rai. Da muka isa, aka kira ni a waya, na tsaya a ƙofar gida. Daktora da Kawu suka yi ta ɗauko jakunkunan, suna jerawa a bakin ɗakin Inna. Daktora ta ɗauka na riga na yi wa Inna bayani. Kawu kuwa bai yi tunanin komai ba, domin shi bai taɓa yarda cewa dawa tana buƙatar bayani ba. Da na shigo, na tarar Daktora ta durƙusa, Inna ta dafa kanta tana zuba mata albarka mai tsawo. Takardar ajiya tana cikin aljihuna. Na taɓa ta, na dubi mahaifiyata, sai na ji nauyin in ce mata ta dangwala yatsa kafin a yarda da amanarta. Na bar takardar a aljihu.

Abin da ban yi la'akari da shi ba, ko da yake a cikinsa na girma, shi ne al'adar unguwarmu. Baƙon da ya daɗe yana cin abincin gida, idan kaka ta yi ya kawo hatsi ya ajiye a bakin ɗakin uwar gida da hannunsa, to kyautar kaka ce. Kuma ba a taɓa wannan hatsi sai ranar da za a girmama mai shi, a tuƙa, ya zama shi ne mai cin loma ta farko. Daktora ta yi mako shida tana cin abincin Inna.

Ranar Litinin da hantsi muna bakin kasuwar hatsi, Daktora ta hau bayan boksi tana ɗaga waya sama don neman layi, kamar yadda ta saba. Ina ƙasa ina duba littafina. Sai na ji ihu. Na ɗaga kai na ga babbar malamar jami'a tana tsalle a bayan mota, gilashinta ya karkace, tana cewa, "Yabo ga Ubangiji! Babikir, sun karɓa! Sun karɓa!"

Na karɓi wayar na karanta sau biyu, domin ba na son murna a kan abin da ban tabbatar ba. An karɓi maƙalar da sharaɗi ɗaya: a cikin mako biyu a ajiye samfuran a ma'ajiya, a aiko da lambobin ajiyarsu, sannan a ba ta takardar karɓa ta ƙarshe. Kwamitin ƙarin girma kuwa bayan mako uku zai zauna. Komai ya yi daidai. Ranar Alhamis za ta bi bas zuwa Khartum don karɓar takardar izinin fitar da iri, ranar Asabar ta hau jirgi.

"Ya zol, bawan Allah, me aka yi?" in ji Kawu. "An haifa mata ne?"

Na yi masa bayanin mujalla da tantancewa da matakan ƙarin girma. Ya saurare ni har na kai rabi, sannan ya juya ga masu dako ya daka tsawa, "Daktora ta zama farfesa! Mabruk, ya jama'a!"

Na ce, "Kawu, ba ta zama ba tukuna. Mataimakiyar farfesa ma sai kwamiti ya..."

"Shiga mota, ya Ustaz, kada ka ɓata mana biki da ƙamus."

Daga kasuwa har gida hannunsa bai sauka daga kan oda ba. Masu raksha, wato keke mai ƙafa uku, suka biyo mu suna zaton ɗaurin aure ne. Daktora tana tsaye a baya tana rera waƙar majami'arsu tana ɗaga wa mutane hannu, su kuma suna amsa mata da "Mabruk!" ba tare da sun san me ake yi ba. Ni kaina, kuma wannan ina faɗarsa ne don cikar labari, na tsinci hannuna a wajen taga yana kaɗa littafin bincike kamar tuta. Da Inna ta ji labari ta rangaɗa guɗa har sau uku, ta rungume Daktora, ta ce gobe ba wanda zai ɗora tukunya a unguwar nan sai ita.

Talata da safe ni da Daktora muka tafi ofishin gona cike takardu, ba mu dawo ba sai kusan azahar. Mun tarar gida ya cika. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, ƙamshin jabana, wato gahawarmu mai citta, ya gauraye da na soyayyen kaji. A kan igiyar shanya, daga wannan bango zuwa wancan, an jera wasu ƙananan fararen ƙyallaye suna kaɗawa a iska. Na tuna na dube su na ce a raina, lallai Inna ta iya kwalliyar biki.

Aka zaunar da Daktora a tsakiya. Inna da kanta ta kawo babban akushi ta buɗe. Ban taɓa ganin tuwo mai irin wannan launi ba, ba fari ba, ba ja ba, wani abu ne tsakanin ƙasa-ƙasa da shunayya, yana ƙyalli. Muka yi bismilla, Daktora ta sunkuyar da kai ta yi tata addu'ar, kowa ya jira ta. Ta gutsuri loma ta farko, mata suka yi guɗa. Daga nan hannuwa suka sauka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba. Daktora ta cinye nata, aka ƙara mata.

"Mama," in ji ta, tana lasar yatsa, "wace irin dawa ce wannan? Ni da nake nazarin dawa ban taɓa cin irinta ba."

Inna ta yi dariyar jin daɗi. "Ji 'yar nan da son a yabe ta! Ai taki ce. Duka na haɗa na kai niƙa ɗahuna tun da asuba, mai injin ma sai da ya tambaye ni inda na samo."

Lomar da ke hannun Daktora ta tsaya a tsakanin akushi da baki. Ta juya a hankali ta dubi igiyar shanya. Ni ma na duba. Na ƙirga, domin ƙirga ɗabi'ata ce. Fararen jakunkuna ashirin da huɗu, an wanke su tas.

Daktora ta dubi lomar, ta rasa inda za ta ajiye ta, sai ta sa a baki ta haɗiye. Sannan ta ce, "Mama, na gode. Allah ya saka da alheri." Ta tashi ta zagaya bayan rumfa. Ni da Kawu muka bi ta, shi da cinyar kaza a hannu.

Mun same ta ta jingina da bango tana dariya, irin dariyar da ba ta da maraba da kuka. "Mako shida, Babikir," take cewa. "Mako shida, kuma har na yi ƙari!"

Na lissafa mata halin da muke ciki, ko da yake ta fi ni sani. Ba za a sake tara iri ashirin da huɗu a kwana biyu ba. Manoma sun riga sun sussuke sun zuba a rumbu, wasu sun tafi. Idan mako biyu ya wuce, takardar karɓa ba za ta zo kafin kwamiti ba. Na kuma fito da takardar ajiya daga aljihuna, babu sa hannu, na ce laifin nawa ne.

Kawu ya goge baki ya ce, "Kalas, ya isa haka, ku daina wannan fuskar ta makoki. Ya Daktora, dawa tana da fasfo ne? Ga kasuwar Gadarif can, babu launin da babu. Ki ba ni rabin sa'a in cika miki jakunkunan nan, ja da fari da rawaya. Ustaz ga littafinsa, ya yanka kwali ya sake rubuta lambobi. Wane farfesa ne zai ɗanɗana?"

Ina so ku ji wannan da kyau, ku sababbi: kafin ya rufe baki, hannuna ya riga ya ciro alƙalami. Ni da nake gyara wa mutane harafi, na shirya rubuta ƙarya ashirin da huɗu da kyakkyawan rubutu.

Daktora ta share idonta ta dube ni. "Babikir, mayar da alƙalaminka. Idan wani ya zo bayan shekara goma ya ɗauki lamba tara ya shuka, yana neman dawar Baba Idris na Doka, ta fito masa dawar kasuwa, wa zai kira maƙaryaci? Ni zai kira, ko tsohon da ya ba mu?" Ta numfasa. "Zan rubuta musu in janye. Wata shekarar ma shekara ce. Amma kada wanda ya gaya wa Mama. Ta girmama ni, ba zan sāka mata da kunya ba."

"Kada a gaya mini me?"

Inna ce tsaye a bayanmu da buta a hannu. Baƙuwarta ta bar akushi a buɗe, kuma wannan ba abu ne da take ƙyalewa ba. "Auta, me kuka yi wa 'yata?"

Ba ni da mafita. Na yi mata bayani, wanda da na yi shi ranar Lahadi da bai ɗauki minti biyu ba. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Wato ba kyauta ba ce."

"Ba kyauta ba ce, Inna."

"Iri ne za a kai a ajiye."

"Iri ne, Inna."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Shekara huɗu ka yi a jami'a kana karatun gona. Me suka koya maka? Kai ka taɓa ganin macen da ta kai hatsi niƙa ba ta ɗebi iri ba?"

Ta ajiye buta ta shige ɗaki. Da ta fito tana janye da wani tsohon mayafinta, an ƙulla shi ƙulli-ƙulli tun daga wannan baki har wancan, kowane ƙulli kamar dunƙulen hannu. "Kowace jaka na buɗe sai na ɗebi cikin hannu biyu na ƙulle daban. Dawa irin wannan, wadda rabona da ganin wasu tun uwata tana da rai, a ce in niƙe ta ƙurmus? Mahaukaciya ce ni?"

Ihun da Daktora ta yi ya fi na kasuwa. Ta faɗa jikin Inna, Kawu ya ɗaga cinyar kaza sama yana juyi, mata suka kwararo daga rumfa suna guɗa tun ba su ji dalili ba. Ni kuwa na durƙusa ina ƙirga ƙulli. Ashirin ne.

"Inna, saura huɗu."

"Biyu an ba ku su sau biyu ne. Wata fara mai baƙin ido jaka biyu na gani, wata rawaya ma haka. Mutum ɗaya da surukinsa suka ba ku, kowa da sunan da yake kiranta. Biyu kuma ƙwari sun huda su, na watsa wa kaji."

"Ina kajin?" in ji Daktora da sauri.

Kawu ya sauko da hannunsa a hankali ya dubi ƙashin da yake riƙe da shi.

"To, kwalayen lambobin fa, Inna?"

"Waɗannan 'yan takardun? Da su na kunna gawayin jabana. Suna da saurin kamawa, wallahi."

Ga iri, amma babu lamba, kuma iri marar lamba a wurin mai bincike hatsi ne kawai. Daktora ta gyara gilashinta, ta koma malamar jami'a nan take. Ta ce a shimfiɗa tabarma, ta tsara yadda za a yi. Inna za ta kwance ƙulli ɗaya, ta faɗi sunan dawar da halinta, ba tare da an nuna mata littafi ko hoto ba. Ni zan nemo abin da ya dace da maganarta a littafi in faɗi lamba. Sai a ƙarshe Daktora za ta buɗe hoton wannan lambar ta gwada da ƙwayoyin. Idan uku suka haɗu, an samu. Idan ba su haɗu ba, a ware.

Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, ta kwance na farko, ta murza a tafi, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki ta tauna.

"Mama, don Allah a rage mana!" in ji Daktora, aka fashe da dariya.

"Kaura ce, amma ta mutanen Doka, mai tauri. Kunu ake yi da ita, ba tuwo ba."

Na duba. Lamba tara, Baba Idris, kuma ga maganarsa: ta kunu ce. Daktora ta buɗe hoto, ta duba, ta ɗaga hannu. Guɗa ta tashi. Haka aka yi ta yi. Kawu ya naɗa kansa sanƙira, yana shelar kowace lamba har maƙwabta na bayan katanga suna amsawa. Aka tashi aka yi la'asar, Daktora tana zaune tana gadin mayafi kamar jariri, aka dawo aka ci gaba.

Biyu na ƙarshe ne suka tsayar da mu. Dukansu ja ne, kuma a hoto ba su da bambanci ko kaɗan. Lamba huɗu da lamba goma sha shida. Inna ta ce ta san ba ɗaya ba ne, amma ba ta san wanda ya ba da wacce ba. Na koma littafi na karanta duk abin da manoman biyu suka faɗa, har da abin da bai shafi bincike ba. A ƙarƙashin lamba goma sha shida na tarar da wannan: matarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce ba ta son wanke ta, domin tana rina hannu.

Inna ta jiƙa tafukanta ta murza wannan a dama, wancan a hagu, ta buɗe. Na dama ya yi ja.

"Ustaz Ƙamus!" Kawu ya daka ihu, ya sure ni sama kamar buhu. "Ashe surutun nan naka yana da rana!" Ban so in faɗa ba, amma shaidu suna da yawa: da ya sauke ni, na taka rawa.

Kafin magariba Daktora ta kira shugaban sashensu, wani dattijon farfesa, ta buɗe murya don in ji. Ta gaya masa komai. Ya ce, "Sake faɗi. Wa ya ci?"

"Dukanmu, ranka ya daɗe."

"Har ke?"

"Ni na fara."

Muka ji ya ajiye waya a kan tebur yana dariya har da tari. Da ya dawo ya ce cikin hannu biyu ya isa ajiya, za a shuka a ninka. Amma ya ce ta rubuta wa edita duk abin da ya faru, da yadda aka sake gane kowane iri, ta kuma gyara jerin da ke cikin maƙalar tun da biyu maimai ne. Ta ce ta riga ta fara rubutawa.

Da hayaniya ta lafa, na duba waɗanda kaji suka ci. Lamba bakwai da lamba goma sha tara. Ta biyun wata tsohuwa ce ta ba mu a wani ƙauye kan hanyar Gallabat. Ta juye mana abin da ya rage a ƙwaryarta duka, domin 'ya'yanta za su ɗauke ta zuwa gari, filin kuma an haɗe shi da gonar injina. Na karanta wa Inna wannan, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Da ka gaya mini, Auta, da na tsince ta ƙwaya-ƙwaya." Wannan maganar ta fi duk wani faɗa da aka taɓa yi mini ciwo. Na koma ƙauyen daga baya, ban sami tsohuwar ba, ban kuma sami wanda ya riƙe irin ba.

Ranar Alhamis kafin bas ya tashi, na kawo wa Inna takardar ajiya. Ta dangwala yatsa ba tare da wani ɓacin rai ba, ta ce, "Dama wannan ne abin da ka ji wa nauyi?"

Edita ya amince da gyaran. Takardar karɓa ta iso saura kwana biyu kwamiti ya zauna, kuma Daktora ta sami matsayinta. Bayan wata biyu ta aiko mini da hoton takardar nasarorin malamai. Ga sunanta, ga sunan maƙalar, a ƙasa kuma an rubuta cewa an tabbatar da ire-iren ne da taimakon Hajja Hauwa ta Gadarif. Ta ce da aka karanta a sujadar Laraba ta miƙe, aka tafa mata, sannan ta roƙi a sake tafawa don Mama. Na fassara wa Inna.

"A cikin majami'a suka kira sunana?"

"Har aka tafa, Inna."

"To, Allah ya yi musu albarka. Ka gaya mata kada su shuka mai baƙin idon nan a inda ruwa yake kwanciya, ba ta so."

Abin da na koya biyu ne. Na farko, ƙa'idar aiki ba a kafa ta don baƙi kawai ba. Wanda ka fi jin nauyinsa shi ya fi cancanta ka yi masa bayani. Na biyu, mutanen da muke zuwa wurinsu da jaka da kwali da littafi sun daɗe suna ajiye abin da muke nema kafin a ƙirƙiro lamba. Idan kun shiga gida, ku gaya wa mai ɗakin abin da kuke yi, sannan ku tambaye ta yadda ita take yi.

Ga abin da na rubuta a ƙarshen rahotona, ƙarƙashin asara: kwalayen lamba ashirin da huɗu, dawa kimanin kwano ashirin, kaji uku, iri biyu.